Fensho da Iyakar Ƙasa: Tarihin Hakkin Tsohon Ma'aikaci Mai Zama a Ƙetare

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Unguwar Sanusi, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, da hantsi ko bayan la'asar, ba zai rasa ganin dattawa zaune a ƙofar gida suna taɗi ba. Da yawa daga cikinsu tsofaffin ma'aikata ne: wannan soja, wancan ma'aikacin jirgin ƙasa, wani akawu a sakatariya, wani kuwa ya ƙare ƙarfinsa a masaƙun Kakuri. Haka abin yake a Tudun Wada da Badiko da ke maƙwabtaka da ita. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama Kaduna gari ne da aikin albashi ya kafa. Sojan Turawa ne ya fara sauka, sa'an nan a 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru, jirgin ƙasa ya jawo nasa mutanen, masaƙu kuma suka biyo baya tun daga 1957. Kusan kowane gida a irin waɗannan unguwanni yana da wani garin da ake kira "gida". Saboda haka tambayar inda mutum zai koma in ya ajiye aiki tsohuwa ce a Kaduna.

Abin da ya sake a yau shi ne nisan amsar. Akwai dattijon da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, 'ya'yansa na Ingila ko Kanada suna kiransa ya koma wurinsu. Akwai wanda ya yi tasa ƙuruciyar a London ko Jidda, yanzu yana so ya dawo gida ya huta. Akwai kuma mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya yi aiki a Nijeriya ya koma ƙasarsa. Dukansu tambaya ɗaya ke damunsu: shin fensho yana bin mai shi ya ƙetare iyaka, ko kuwa a bakin iyaka yake tsayawa?

Makasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin wannan tambaya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, tsawon aikin mutum da wahalar da ya sha ba su ne kan yanke hukunci ba. Abin da kan yanke shi ne irin fenshon, da kuma ko akwai rubutacciyar yarjejeniya da wata gwamnati ta tsaya ta ƙulla a madadinsa.

Asalin Fensho da Rabe-rabensa

A ƙasar Hausa ta dā, tsufa ba abin da hukuma ke shirya wa ba ne. Gandu shi ne ajiyar tsoho: uba ya noma ya ciyar da 'ya'ya, in ƙarfi ya ƙare su noma su ciyar da shi. Baran sarki ko na attajiri in ya tsufa ba a korarsa daga gidan ubangidansa. Aikin albashi ne ya raba mutum da gona da dangi, ya kai shi bariki ya sa ya dogara ga kuɗin ƙarshen wata. Da aka raba shi da tsohuwar ajiya, tilas a nemo masa sabuwa.

Ƙasashen Turai sun riga sun gamu da wannan matsala. A 1889 gwamnatin Bismarck a Jamus ta kafa tsarin da ma'aikaci da mai aiki da gwamnati ke zuba kuɗi, a biya ma'aikacin in ya kai shekara 70. A 1908 Ingila ta bi wata hanya dabam, ta yi dokar biyan tsofaffi matalauta sule 5 a mako daga kuɗin haraji, ba tare da sun zuba kome ba. Amma dokar ta gindaya sharaɗi: sai wanda ya kai shekara 70, yake talakan Sarkin Ingila, ya kuma zauna a ƙasar shekara 20. Watau tun ranar da aka haifi fenshon tsufa aka haife shi da sharaɗin wurin zama.

Daga nan za a iya raba fensho gida uku. Na farko fenshon aiki, wanda gwamnati ke biyan ma'aikacinta saboda shekarun da ya yi mata. Na biyu fenshon zubi, wanda mutum ke samu saboda abin da aka riƙa cira daga albashinsa. Na uku fenshon tsufa, wanda ake bai wa tsoho don kawai shi mazaunin ƙasa ne. Na farko da na biyu sun yi kama da bashi, bashi kuwa ba ya faɗuwa don mai bi ya ƙaura. Na uku ya fi kama da ciyarwar maigida, wadda sai wanda ke cikin gida ke samu. Wannan shi ne ƙa'ida a takarda. Yadda aka yi aiki da ita kuwa wani labari ne.

'Yan Fenshon Nijeriya na Farko a Ƙetare

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mutanen farko da suka ci fenshon Nijeriya suna zaune a wata ƙasa Turawa ne. Razdan da Di'o da Joji da injiniyan jirgin ƙasa, in sun ajiye aiki sai su koma Ingila, fensho ya bi su can ta hannun wakilan gwamnatocin mulkin mallaka da ke London. Kuɗin kuwa daga baitulmalin Nijeriya yake fita, watau daga haraji da kuɗin kwastan na gyaɗa da auduga da koko da kuza. Manomin gyaɗa na Kano bai san sunan ƙauyen da tsohon Razdansa ya koma ba, amma guminsa na isa can kowane wata.

Dokar fensho ta 1951, wadda aka mai da farkon aikinta baya zuwa 1 ga Janairu 1946, ita ce ta tattara ƙa'idojin fenshon ma'aikatan gwamnati wuri ɗaya. A ƙarƙashinta fensho ba hakki ne da mutum zai kai ƙara a kansa ba, alheri ne da Gwamna ke da ikon bayarwa, ko ragewa, ko hanawa in an sami ma'aikaci da laifi. Muddin mulki na hannun Turawa, wannan bai tayar wa Bature hankali ba, gama mai bayarwa nasa ne.

Da guguwar mulkin kai ta taso, sai hankali ya tashi. Jihohin Yamma da Gabas sun sami mulkin kansu a 1957, Jihar Arewa kuwa ranar 15 ga Maris 1959, zamanin Gwamna Sir Gawain Bell, wanda ya gaji Sir Bryan Sharwood Smith da aka fi sani da Mai Wandon Ƙarfe. Ma'aikata Turawa suka tambaya: wa zai tabbatar musu da fenshonsu in ikon baitulmali ya koma hannun 'yan ƙasa? Gwamnatin Ingila ba ta bar wannan ga kyakkyawan zato ba. Ta sa aka shirya biyan diyya a dunƙule ga wanda ya zaɓi barin aiki, ta kuma ƙulla yarjejeniyar ma'aikatan gwamnati da kusan kowace ƙasar da ta bai wa mulkin kai, har da Nijeriya. Gundarin irin wannan yarjejeniya shi ne, sabuwar gwamnati za ta ci gaba da biya bisa sharuɗɗan da ba su gaza na dā ba, a kuma biya mutum a ƙasar da yake zaune. A 1960 su 'yan fenshon suka kafa ƙungiyarsu a Ingila domin matsa wa majalisa lamba, ƙungiyar kuwa ta rayu har 2017.

Ba kowace ƙasa ce ta haɗiye wannan shiru ba. A 1968 Tanzaniya, ƙarƙashin Julius Nyerere, ta ce ba za ta ƙara biyan fenshon aikin da Turawa suka yi kafin mulkin kai ba, tun da Ingila suka yi wa aikin. Ingila ta mai da martani da dakatar da taimakon da take ba ta. Amma hujjar Nyerere ta yi nauyi. A 1970 gwamnatin Ingila ta bayyana cewa a shirye take ta ɗauki nauyin fenshon shekarun kafin mulkin kai, a 1973 kuma majalisarta ta yi dokar da ta ba ta ikon karɓar biyan gaba ɗaya. Ta kowace fuska aka duba, tsohon Di'o bai yi asara ba: in wannan baitulmali ya saki, wancan ya kama.

Rabon 'Yan Mazan Jiya

Sai a gwada wannan da rabon sojan da Turawan suka yi mulki da bindigarsa. An kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa kuwa ita ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi dubban samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama, inda suka gwabza da Japan a dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan. Galibin waɗanda aka ɗiba domin yaƙin kaɗai ba su cika shekarun fensho ba, sai aka sallame su da ɗan kuɗin sallama, wanda bai kama ƙafar na sojan Bature ba. Waɗanda suka zarce da aiki kuwa, al'amarinsu ya dawo wuyan Nijeriya, gama a 1958 aka miƙa ikon sojan ga gwamnatin Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne yadda iyaka ta yi aiki ta fuska biyu. Bature ya yi aiki a Nijeriya ya koma Ingila, aka ce Nijeriya ta bi shi da kuɗi. Bahaushe ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi a Bama ya dawo Kaduna, aka ce ai shi ɗan wata ƙasa ne, gwamnatinsa ta ji da shi. A 2018 gwamnatin Ingila ta ware fam miliyan 11.8 domin ciyar da ragowar tsofaffin sojojin ƙasashen renonta da matansu. An kira shi agaji, ba a kira shi fensho ba, kuma ya zo shekara 73 bayan ƙare yaƙin. Hausawa na cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daskarar da Fensho a Ƙasashen Renon Faransa

A arewacin iyaka, 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa sun gamu da nasu salon. Faransa ta kafa rundunar baƙaƙen sojanta a Senegal a 1857, daga baya ta riƙa ɗibar mutane daga dukan ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da Nijar, ko da yake sunan Senegal ne ya bi rundunar. Rigimar kuɗi tsakaninta da su ta daɗe. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi da suka dawo daga Turai suna neman a biya su bashin albashinsu, aka kashe da yawa daga cikinsu.

Duk da haka, waɗanda suka cika shekarun aiki sun sami fensho bisa doka ɗaya da Faransawa. Sai ranar 26 ga Disamba 1959, ana gab da ba da mulkin kai, majalisar Faransa ta saka wani sashe, na 71, cikin dokar kasafin kuɗi. Sashen ya ce duk ɗan ƙasar da ta fita daga hannun Faransa, za a mai da fenshonsa wani alawus tsayayye, wanda ba zai ƙara motsawa daga inda yake ba. Faransawa da kansu suka ba abin suna mai ma'anar daskarewa. Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, tsofaffin sojojinta suka shiga wannan hukunci. Shekaru suka yi ta tafiya, ana ƙara wa tsohon sajan na Marseille kuɗi duk sa'ad da tsada ta ƙaru, abokin raminsa na Damagaram kuwa yana karɓar kusan abin da ya karɓa tun ranar farko.

Warware wannan ƙulli ya ci shekara 50. A 1989 kwamitin hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba ƙarar Ibrahima Gueye da wasu tsofaffin sojojin Senegal 742, ya ce an nuna musu bambanci. Faransa ba ta motsa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba wani tsohon saja, Amadou Diop, gaskiya, amma shi ya riga ya rasu tun 1996. A 2002 gwamnati ta yi ƙari, sai dai ta auna shi da tsadar rayuwar ƙasar da mutum ke zaune. A 2006 wani fim mai suna Indigènes ya ta da hankalin jama'ar Faransa, Shugaba Jacques Chirac ya sa aka daidaita alawus ɗin mayaƙa da na naƙasa daga 2007. Sai ranar 28 ga Mayu 2010 majalisar tsarin mulki ta rushe abin da ya saura, daidaito ya fara aiki a Janairun 2011. Ko a nan ma, sai wanda ya rubuta ya nema, alhali yawancin masu hakkin suna kabari.

Akwai ragowar labarin da ta shafi fenshon tsufa kai tsaye. Wasu tsofaffin sojojin sun koma Faransa da zama domin su sami alawus ɗin da ake bai wa tsofaffi matalauta, wanda sharaɗinsa a lokacin shi ne zaman wata 6 a ƙasar kowace shekara. Dattawa masu shekara 90 suka zauna cikin ƙananan ɗakuna a bayan birnin Paris, nesa da iyali, don kada kuɗin ya yanke. A Janairun 2023 gwamnati ta ɗage musu sharaɗin, ta yarda a biya su yuro 950 a wata ko suna gida. A ƙarshen Afrilun shekarar 9 daga cikinsu suka sauka a Dakar.

Wanda Ya Yi Aiki a Waje Ya Dawo

Kada a ɗauka daskarar da fensho tsohon labari ne. Tana nan da ranta a dokar Ingila, kuma ta shafi kowane ɗan Nijeriya da ya yi aiki can yake shirin dawowa. Bisa tsarin da ya fara a 2016, mai neman fenshon gwamnatin Ingila yana bukatar zubin shekara 10 kafin ya sami kome, shekara 35 kuwa domin cikakke. In ya cancanta za a biya shi ko'ina yake a duniya. Amma ƙarin da ake yi kowace shekara sai ga mazauna Ingila, da ƙasashen Tarayyar Turai, da wasu ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniyar ƙarin da su, irin su Amurka, Jamaika, Barbados, Filifin da Murishus. Nijeriya ba ta cikinsu, haka Gana da Afirka ta Kudu da Indiya, har ma da Kanada da Ostireliya.

Misali ɗaya ya isa. A shekara ta 2000 cikakken fenshon tushe fam 67.50 ne a mako, a Afrilun 2025 ya kai fam 176.45. Ma'aikatan jinya biyu da suka yi aiki asibiti ɗaya suka yi zubi ɗaya, ɗaya ta koma Kingston ɗaya ta dawo Kaduna a 2000, ta farko ta sami kowane ƙari, ta biyu tana nan kan fam 67.50. Wata Baturiya mazauniyar Afirka ta Kudu, Annette Carson, ta kai ƙarar wannan har kotun hakkin ɗan Adam ta Turai, amma a Maris 2010 alƙalai 11 suka goyi bayan gwamnati, 6 suka saɓa. Hujjar masu rinjaye ita ce, zubin inshorar ƙasa ba ajiya ba ce ta mutum, kuma gwamnati na da ikon bambanta ƙasashen da ta yi yarjejeniya da su da waɗanda ba ta yi ba.

Sauran ƙasashe kowace da nata shingen. Kanada na biyan fenshon tsufa ga wanda ya zauna shekara 10, amma in zai ci shi a waje sai ya zauna shekara 20 bayan cikarsa 18. A Ostireliya ƙa'ida ita ce zaman shekara 10, kuma sai mutum yana cikin ƙasar ranar da ya nema, in ba ƙasar da yake tana da yarjejeniya da ita ba. Amurka na bukatar aikin kimanin shekara 10, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ana iya tsai da kuɗinsa in ya wuce wata 6 a waje, sai in ya faɗa cikin waɗanda doka ta keɓe. Saudiyya, inda Hausawa suka daɗe suna aiki, ta fid da baƙi daga tsarin fenshonta tun 1987. Abin da baƙo ke samu shi ne kuɗin sallama a dunƙule, shi ma in aikinsa na kan takarda ne.

Tarihin Afirka ta Yamma kuma ya ƙara wani darasi mai ɗaci. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, Hausawan zango da yawa suka taso suka bar abin da suka tara. A 1983 Nijeriya ta yi wa nata baƙin irin wannan kora. Wanda aka kora cikin mako 2 ba ya tsayawa neman takardar shaidar zubi. A 2013 shugabannin ECOWAS suka amince da yarjejeniyar da ta tanadi haɗa shekarun aikin mutum na ƙasashe dabam-dabam da biyansa inda yake zaune, amma tsakanin sa hannu da aiwatarwa akwai tafiya. Nijar kuwa tana da yarjejeniyar inshorar ma'aikata da Faransa tun 1973.

Wanda Ya Yi Aiki a Gida Ya Fita

Saura dattijon Unguwar Sanusi da 'ya'yansa ke kira. Da farko ya kamata a sani, Gwamnatin Tarayya ba ta da fenshon tsufa na kowa da kowa. Jihar Ekiti ta gwada biyan tsofaffi Naira 5,000 a wata a 2011, amma wannan bai zama tsarin ƙasa ba. Abin da ake da shi fenshon aiki ne da na zubi. A 1961 aka kafa asusun tanadi na ma'aikatan kamfanoni. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979, wadda aka mai da farkonta zuwa Afrilun 1974, ta tsara fenshon ma'aikatan gwamnati bisa shekarun aiki da albashin ƙarshe. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 173 da na 210, ya kāre fensho a matsayin hakki, ya kuma ce a sake dubansa duk shekara 5 ko duk sa'ad da aka sake albashi. A 2004 aka koma tsarin zubi, inda kowane ma'aikaci ke da asusunsa da sunansa, a 2014 kuma aka mai da zubin kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Jihar Kaduna ta fara aiki da nata tsarin zubin a 2017.

Waɗannan dokoki ba su sa zama a Nijeriya ya zama sharaɗin cin fensho ba. Shingayen da ke gaban mai fita na wani iri ne. Na ɗaya tantancewa. Saboda yawan sunayen bogi da na matattu, hukumomi sun daɗe suna kiran 'yan fensho su bayyana da kansu, wanda bai zo ba a cire sunansa, mai da shi kuwa aiki ne ja. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 domin 'yan tsohon tsari na Tarayya, ta fara gwajin tabbatar da rai ta intanet a 2021 ta faɗaɗa shi a 2023, abin da ya rage wa na nesa wahala. Na biyu takardu. Jihar Arewa ta rabu shida a 1967, aka kafa hukumar riƙon ayyukan haɗin gwiwa a Kaduna wadda ta yi aiki har tsakiyar shekarun 1970, Katsina kuma ta fita daga Kaduna a 1987. Kowace rabuwa ta raba fayil-fayil, har akwai 'yan fenshon da jiha ke biyan wani kaso Tarayya na biyan wani. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, darajar kuɗi. A 1980 Naira ta fi dalar Amurka, a 2024 dala ɗaya ta haura Naira 1,500. Fenshon da ke sayen buhun masara a Kasuwar Barci ba ya biyan kuɗin motar mako guda a London. Babu dokar da ta daskarar da shi, faɗuwar Naira ce ta narkar da shi.

Ma'aikatan masaƙu kuwa nasu ya fi muni, gama hakkinsu na wuyan kamfani ne. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin kuɗin sallama. Wanda ke zaune a gari ma bai samu ba, balle wanda ya koma Nijar ko Chadi.

Kammalawa

In aka jera waɗannan labarai za a ga zare ɗaya ya ratsa su. Tsohon Di'o ya ci fenshonsa cikakke a ƙauyen Ingila domin gwamnatinsa ta zauna ta rubuta sharaɗi tun kafin a sauke tuta. Tsohon sojan Damagaram ya yi shekara 50 yana jira domin ranar da aka rubuta sashe na 71 ba wanda ya zauna a teburin a madadinsa. Ma'aikaciyar jinya ta Jamaika ta fi ta Kaduna samu domin wata takarda da ƙasarta ta sa wa hannu. Gumin ɗaya ne, wakilcin ne ya bambanta.

Saboda haka akwai aiki a wuyan ma'aikatan gwamnati, musamman na ma'aikatar ƙwadago da ta harkokin waje da hukumomin fensho. Ƙasar da likitocinta da malamanta da ma'aikatan jinyarta ke cika asibitoci da makarantun wasu ƙasashe, tana kuma ƙirga kuɗin da suke aikowa gida cikin biliyoyin dala, ya kamata ta sa maganar fenshonsu cikin abin da take ciniki a kai. Yarjejeniyar ECOWAS na bukatar ofis da ma'aikata da fom, ba sa hannu kaɗai ba. Wanda ke riƙe da fayil ɗin wani a yau kuma ya tuna, wani ne zai riƙe nasa gobe.

Ɗalibai kuwa, waɗanda da yawansu ke da niyyar fita, ya kamata tun ranar ɗaukar aiki su san irin fenshon da ake tara musu, da shekarun da ake bukata, da abin da zai same shi in sun ƙaura. Su adana takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma, da shaidar kowane zubi, kamar yadda ake adana takardar gida. Su kuma tambayi dattawan Unguwar Sanusi tun suna raye, gama akwai tarihin da ba ya cikin kundin Gidan Arewa, yana cikin tsohuwar jakar takardu da ke ƙarƙashin katifar tsohon soja.